Yadda za ka kalli shirin mai bibiya ba tare da dishi-dishin hoto ya juya maka labari ba

Kwana uku muka yi muna musu da ƙanwata a kan murmushi guda ɗaya. Shirin da muke kallo mai dogon zango ne, kashi takwas, labarin wani direban tasi na dare da ya ɗauki wata mata sau ɗaya tak, ta manta jar lemarta a kujerar baya, shi kuma daga ranar ya ƙwallafa rai a kanta har abin ya zame masa ciwo. A kashi na uku ya kai mata lemar har ƙofar gidanta. Ta karɓa, ta yi godiya, ta yi murmushi. Ni na ce ta ji daɗin zuwansa, har ina ganin ita ce ta ba shi fuska. Ƙanwata ta ce, "Yaya, wallahi matar nan a tsorace take. Anya abu ɗaya muka kalla?"

Ashe ba abu ɗaya muka kalla ba. Nawa kwafi ne da aka turo mini a waya, mai 240p, wato hoto mai ƙarancin tsabta, nata kuwa 1080p ne, mai tsabta garau. Da ta buɗe mini fitowar a kwamfutarta sai jikina ya yi sanyi. Leɓɓan matar suna murmushi, amma idonta ya sauka kan makullin ƙofa sau biyu, ta haɗiye yawu har maƙogwaronta ya motsa, yatsunta sun damƙe igiyar jaka sun yi fari. Ba ta taɓa gaya masa inda take zaune ba, kuma a cikin daƙiƙa biyun nan ne ta tuna da hakan. Duk wannan babu shi a wayata. Abin da ya iso gare ni farar laka ce mai siffar fuska, da lanƙwasar baki.

Tun daga lokacin na canza yadda nake kallon irin waɗannan shirye-shirye, kuma abin da na koya shi zan shimfiɗa maka a nan, don ina ganin mutane da yawa suna yanke wa jarumai hukunci a kan hujjar da ba ta iso gare su ba.

Fara da sanin kwafin da ke hannunka

Kafin ka danna kunnawa, duba lambar. A YouTube da makamantansa akwai 'yar alamar saiti mai kama da ƙafar inji mai haƙora a kusurwa, a nan za ka ga ko 144p kake kai, ko 360p, ko 720p. Idan ka bar manhajar ta zaɓa da kanta, tana iya sauke ka zuwa ƙasa a tsakiyar fitowa da zarar intanet ya yi rauni, ba tare da ta gaya maka ba. Ka zaɓi lamba da hannunka ka tsayar da ita.

Lissafin yana da sauƙi. Hoton 240p yana da ɗigo 426 a faɗi, 240 a tsaye, wato kimanin ɗigo dubu 102. Na 1080p yana da 1920 sau 1080, sama da miliyan biyu. Ke nan kashi ɗaya cikin ashirin nake gani. Idan fuskar jaruma ta ci kashi ɗaya cikin biyar na tsayin allo, ɗigo 48 ke nan daga goshi zuwa haɓa, idonta kuwa bai wuce ɗigo shida ko bakwai a faɗi ba. Ta ina za ka gane inda ƙwayar ido ta kalla a cikin ɗigo bakwai?

Idan fayil ne aka ba ka, kada lambar da ke jikin sunansa ta ruɗe ka. Ana iya ɗaukar ruɓaɓɓen kwafi a buɗa shi a rubuta masa 720p. Nauyinsa ne ba ya ƙarya. Netflix da kansa yana cewa kallo mai tsabta na iya cin gigabait 3 a awa ɗaya, mafi ƙasƙanci kuma wajen 0.3. To idan kashi mai minti 45 ya zo maka a megabait 60, ka san an matse shi har ya fi mafi ƙasƙancin nan tsiya. Haka kuma duk bidiyon da aka ɗora a WhatsApp a matsayin bidiyo, sai an matse shi kafin ya tafi. Ka ce wa mai turo maka ya aiko shi a matsayin takarda, a haka zai iso yadda yake.

Duhu ne ake fara sacewa

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. Na'urar matse bidiyo ba ta rage komai daidai wa daida. An gina ta ne ta zubar da abin da take zaton ido ba zai lura da shi ba, kuma wurin da ta fi raina shi ne wuri mai duhu, mai shiru, inda launi ke canzawa a hankali. Yawancin bidiyon da muke kallo matakan haskensa ba su wuce 256 ba daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kuma fitowar dare gaba ɗayanta tana iya zama a cikin 'yan matakan da ke ƙasa. Mutum sanye da baƙar riga a tsaye jikin baƙin bango, bambancinsa da bangon bai fi mataki huɗu ko biyar ba. Da an matse, sai a haɗe su su zama abu ɗaya.

Shirin mai bibiya kuwa a cikin duhun nan yake ajiye hujjojinsa: bayan labule, cikin madubin mota, ƙarshen lungu, tagar gidan da ke fuskantar nata. A kashi na biyar na shirin da nake ba ka labari, matar tana wanke kofi, kyamara na kan bayanta. Can a ƙarshen baranda mai duhu akwai ƙofar da ke buɗe kaɗan, sai ta rufu a hankali. Ni ban ga ƙofa ba sam, baƙin tabo kawai na gani. Saboda haka da ta kira 'yan sanda tana rawar murya tana cewa wani ya shigo mata gida, sai na ɗauka darakta yana nuna mana cewa zargi ya fara taɓa mata ƙwaƙwalwa. Kashi biyu na yi ina kallonta a matsayin mai ruɗu, alhali shirin ya riga ya nuna wa mai kallo cewa gaskiya take faɗa. Har yau abin yana damuna, domin daidai abin da 'yan sandan cikin labarin suka yi mata ke nan.

Matsalar ba ta masu ƙaramar waya ba ce kaɗai. A watan Afrilun 2019, da aka nuna kashin shirin Game of Thrones na babban yaƙin dare, masu kallo da yawa sun yi ƙorafin ba sa ganin komai, kuma mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ɗora laifin a kan matsewar bidiyo da saitin talabijin ɗin mutane da kallo a ɗaki mai haske.

Ɓarnar tana da fuska ta biyu, wadda ta fi ta farko yaudara: matsewa tana ƙirƙiro motsin da babu shi. Tsarin matse bidiyo na H.264, wanda ya fito a 2003 kuma har yau ana amfani da shi ko'ina, yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 16 sau 16. Ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye cikakke guda ɗaya, sannan na bayansa ya riƙa rubuta abin da ya canza kawai, sai bayan 'yan daƙiƙu ya sake ajiye wani cikakke. Idan data ta yi ƙaranci, bango mai duhu yakan riƙa narkewa a hankali, sai ya yi firgigit ya dawo daidai lokacin da sabon cikakken hoto ya shigo. Ido kuma, da yake an halicce shi da saurin hango fuska da motsi, sai ya ce maka ga mutum can. A kashi na biyu na rantse na ga labule ya motsa, har na gina zato cewa akwai mutum na biyu da ke bibiyar matar. Babu kowa. Gidajen hoto ne suke numfashi.

Ga yadda nake tantancewa yanzu. Idan na ga motsi a duhu, nakan mayar da fitowar baya sau uku. Ina duba ko gefen abin a miƙe yake kamar an yanka da reza, mai kusurwa huɗu. Ina ƙirgawa a zuciya ko firgitar tana dawowa a kan ƙa'ida, kamar duk bayan daƙiƙa biyu ko biyar. Ina duba ko sauran wurare masu duhu a allon su ma sun yi firgigit a lokaci guda. Idan amsar e ce, aikin na'ura ne. Motsin da darakta ya shirya yana da hanya, daga nan zuwa can, kuma kusan kullum sauti yana rakiyarsa: kiɗa ya tsaya cak, ko katako ya yi ƙara, ko kyamara ta ƙi matsawa daga wurin fiye da yadda ta saba. Kyamarar da ta daɗe tana kallon wurin da kake ganin babu komai, alama ce cewa akwai abin da kwafinka ya haɗiye. A nan sai ka tsaya ka ɗaga lambar.

Fuska da murya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To idan fuskar ta goge fa, wa za a tambaya? Sai mai kallo ya cike gurbin da kansa. Masu fim sun daɗe da sanin wannan. Sama da shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim ɗan ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, ya samo hoton fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da mace a kishingiɗe. Aka ce masu kallo sun ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce. Kwafi mai dishi-dishi yana mayar da kowace fuska irin wannan: fanko, mai jiran a zuba mata ma'ana.

Wa ke zuba ma'anar? Murya. Maganar mutum tana tsira daga matsewa fiye da hoto nesa ba kusa ba, ko a kwafi mafi lalacewa za ka ji kalmomi rangaɗau. Irin waɗannan shirye-shirye kuma suna son sa mu cikin kan mai bibiyar, muna jin zancen zucinsa. Direban tasin nan muryarsa a tausashe take, yana cewa ta yi farin cikin ganinsa, yana cewa kaɗaici ne ke damunta. Darakta ya shirya abin ne yadda hoto zai riƙa ƙaryata muryar: shi yana cewa tana so, fuskarta tana cewa a'a. Da hoton ya mutu, sai muryar ta rage ita kaɗai babu mai musa mata. Na zauna ina kallon mace daga nesa, ba na ganin fuskarta da kyau, ina yarda da fassarar da ta fi daɗin ji. Abin da direban yake yi ke nan daga cikin motarsa.

Maganin da na samu shi ne raba ido da kunne. A duk fitowar da su biyun suka haɗu, nakan kashe sauti in kalle ta shiru, in faɗa wa kaina abin da na gani da idona kawai: ta ja baya, ta riƙe ƙofa, ba ta zauna ba. Tsayuwar jiki da tazarar da ke tsakanin mutum biyu suna tsira ko a 240p, domin manyan siffofi ne. Sannan in sake kunnawa da sauti. Duk abin da na sani game da zuciyarta wanda daga bakinsa kaɗai ya fito, nakan ajiye shi gefe a matsayin da'awa, har sai na ga shaida.

Ka kuma sa abin sauraro a kunne. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri na ƙasa-ƙasa, wanda shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fitowa don a gaya wa jikinka cewa akwai haɗari ko da kalmomin masu daɗi ne.

Rubutu da jan launi

Rabin hujjar zamanin nan a kan allon waya take: saƙon da aka tura, lokacin da aka tura shi, yawan kiran da ba a ɗaga ba. A kwafina na ga ya kira ta, na ɗauka sau huɗu ne. A kwafin ƙanwata 41 ne, kuma na ƙarshe da ƙarfe 3:12 na dare. Tsakanin 4 da 41 akwai tazarar da ke tsakanin mai damuwa da kai da wanda ya kamata ka guje wa. Fassarar da ke ƙasan allo takan kawo abin da saƙon ya ce, amma ba kasafai take kawo lokaci ko adadi ba. Da ka ga an nuna waya, ko takarda, ko hotunan da aka manna a bango, ka tsayar, ka ɗaga lamba, ka karanta.

Launi ma yana da nasa rauni. Kusan duk bidiyon intanet yana ajiye bayanin launi a kashi ɗaya cikin huɗu na bayanin haske, shi ya sa ja ke zuba ya wuce iyakarsa, musamman a kan baƙi. Jar lemar nan tana sake bayyana a wurare da dama cikin shirin, ƙarama a can nesa. Ni na riƙa ɗaukarta fitilar bayan mota.

Idan shirin da kansa ya ɓata hoto da gangan

Masu shirya irin wannan labari suna amfani da mummunan hoto a matsayin harshe. Hoton kyamarar tsaro, ko bidiyon waya da aka zuƙo daga nesa yana rawa, yana gaya maka cewa yanzu da idon mai leƙe kake kallo. Hoto mai tsabta kuma na mai ba da labari ne. A kwafi mai kyau, sauyawa daga wannan zuwa wancan tana dukan ƙirji, domin a nan kake gane cewa fitowar da kake kallo cikin natsuwa ashe wani ne yake ɗaukarta a ɓoye. A kwafi mara kyau duka biyun sun zama ɗaya. Sai ka nemi wasu alamu: kwanan wata da agogo a kusurwa, kyamarar da ke kallo daga sama kusa da rufi, launin da ya koma toka-toka, sautin da ya toshe kamar daga bayan gilashi, ko wani abu baƙi a gefen hoto kamar ƙarfen taga.

Zan faɗi gaskiya, dishi-dishi yana da nasa tsoron. Shirin gaba ɗaya ya zame mini kamar wani abu da bai halatta in gani ba, kuma wasu dararen na fi tsorata da ruɓaɓɓen kwafin. Amma tsoro ne na bai-ɗaya, ba ya nuna kowa da yatsa, alhali masu shirin sun so ka san ainihin wanda za ka ji tsoro da kuma lokacin.

Guntayen da ake yankawa a tsaye don TikTok ko Facebook kuwa, kada ka gina hukunci a kansu ko kaɗan. Idan aka mayar da hoto mai faɗi zuwa na tsaye, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ne yake saura. Mai bibiya a gefen hoto ake tsayar da shi, gefen kuma shi ake zubarwa.

Inda za ka kashe datarka

Ba kowa ke da halin kallon kashi takwas a 1080p ba, ni ma ba kullum ba. Abin da nake yi shi ne rabo. Fitowar rana, mutum biyu a ofis suna magana, 360p ya wadatar. Da dare ya yi a cikin labarin, ko kyamara ta matso kan fuska, ko aka nuna rubutu, sai in haura 720p, in sauko bayan ta wuce. A allon waya 480p yana da rufin asiri sosai, amma kada ka jefa shi kan babban talabijin, domin girman allo yana tona kowane gida na hoton. Idan akwai inda kake samun intanet mai ƙarfi, sauke kashin tun da wuri a babbar lamba ya fi kallo kai tsaye, don ba zai faɗi a tsakiyar fitowa ba.

Kashe fitilar ɗaki, ko ka juya wa taga baya. Hasken da ke faɗowa kan allo yana cinye matakan duhun nan kaɗan da suka tsira. Kashe tsarin rage hasken shuɗi na dare da na tanadin batir, domin suna canza launi suna dusar da allo. A talabijin, ka nemi saitin da ke santsar da motsi ka kashe shi. Galibin waɗannan shirye-shirye a hoto 24 cikin daƙiƙa ake ɗaukarsu, saitin kuma yana ƙirƙiro hotunan ƙarya a tsakani. Talabijin da yawa na bayan 2019 suna da zaɓin da ake kira Filmmaker Mode wanda ke kashe irin waɗannan ƙare-ƙaren a danna ɗaya. Ka yi hattara da manhajojin da ke alƙawarin gyara tsohon bidiyo ya koma garau. Abin da aka zubar ya tafi, su zana sabo suke yi bisa zato, har ido da leɓe, kuma zanannen ido yana iya kallon inda jarumar ba ta kalla ba.

Kashi na takwas tare muka kalla da ƙanwata, a kwamfutarta, fitila a kashe, kowa da abin sauraro ɗaya a kunne. A fitowar ƙarshe matar tana tsaye a bakin titi cikin ruwan sama, a wani gari daban, tasi ta tsaya a gabanta. Gilashin motar ya jiƙe, fuskar direban ba ta fito ba. Na kai hannu zan duba lamba, ƙanwata ta riƙe mini hannu.

"Yaya, 1080 ne. Duba ɗigon ruwan da ke kan gilashin, ɗaya-ɗaya ake ganinsu. Su ne suka ɓoye shi."

Na duba. Kowane ɗigo a fili yake, har da hasken fitilar titi a cikinsa, kyamara a kansu ta tsaya ta bar abin da ke bayansu a narke. Muka mayar baya sau uku. Ita ta ce kafaɗar direban irin tasa ce. Ni na ce wancan ya fi wannan faɗin kafaɗa, kuma hannun da ke kan sitiyari babu agogo.